Kun Tambaya, Mun Amsa: Shin Mai Bi Zai Iya Rasa Cetonsa?

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan karo a kan ceto suke: yadda mutum zai san ya samu, da kuma ko zai iya kuɓuce masa. Mun gajarta su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Baba, shekarata 23. Na karɓi Yesu tun ina sakandare, an yi mini baftisma, ina cikin mawaƙa. Amma duk taron farkawar da aka kira masu tuba sai in sake fita gaba, don ban tabbata na farkon ya karɓu ba. Ta yaya zan sani? Daga wani matashi a Kafanchan.

Ɗana, tambayoyi biyu ne suka harɗe maka, kuma muddin ba a warware su ba, ba za ka daina fita gaba ba. Ɗaya ita ce ko Allah yana riƙe wanda ya ceta har ƙarshe, wannan magana ce a kan halin Allah. Ɗayar kuwa ita ce ko kai ka san kana cikin waɗanda ya ceta. Akwai cetaccen da shakka ke cinsa shekara da shekaru. Akwai kuma mai bugun ƙirji wanda bai taɓa tuba ba, irin mutanen Matiyu 7:21-23 da za su zo da labarin annabci da mu'ujizai, a ce musu ba a taɓa saninsu ba. Don haka abin da kake ji a zuciya, ko sanyi ko zafi, ba shi ne ma'auni ba.

Malaman da suka tsara Shaidar Bangaskiya ta Westminista a Ingila a 1646 sun ware babi na 18 domin wannan batu. Sun ɗora tabbaci a kan abu uku: gaskiyar alkawarin Allah, alamun aikin alheri a rayuwar mutum, da shaidar Ruhu Mai Tsarki cewa mu 'ya'yan Allah ne, wadda Romawa 8:16 ta ambata. Sun kuma yarda cewa mai bi na gaske zai iya daɗewa yana fama kafin ya kai ga tabbaci. Matasa da yawa da na uku suke farawa, su zauna suna sauraron zuciyarsu ko za su ji wani motsi. Da na farko ake farawa. Buɗe Yohanna 5:24 da 6:37 da Romawa 10:9-13, sannan ka tambayi kanka: yau ɗin nan, da me na dogara in tsaya a gaban Allah? In amsarka mutuwar Yesu ce da tashinsa, alkawarin naka ne, ko ka tuna ranar da ka fara ba da gaskiya ko ba ka tuna ba. In kuwa amsar ta karkata ga baftisma, ko katin memba, ko waƙa, ko zakkar da kake fitarwa, to a nan gyaran yake.

Bayan haka sai alamu. Wanda ya rubuta 1 Yohanna ya faɗi dalilinsa a 5:13, wato domin masu ba da gaskiya su san suna da rai madawwami. Wasiƙar surori biyar ce, ayoyi 105 duka, minti 20 ya ishe ka. Karanta ta a zama ɗaya da biro a hannu, ka ja layi a duk inda aka yi maganar yadda muke sani. Za ka ga abu uku suna ta dawowa: yarda cewa Yesu ne Almasihu da ya zo cikin jiki, kiyaye umarninsa, da ƙaunar 'yan'uwa. Inda ake kuskure shi ne a ɗauki mako guda a yanke hukunci da shi. Duba shekara biyu ko uku. Zunubin da a da kake yi kana dariya, yanzu yana hana ka barci? Wanda ka ƙi jini, ka iya yi masa addu'a? Wasiƙar ba kamala take nema ba, domin ita ce ta ce a 1:8 duk mai cewa ba shi da zunubi ruɗin kansa yake yi. Ka kuma tambayi wani dattijo da ya san zamanka, domin mai shakka ba ya iya yi wa kansa adalci.

Fita gaba kuwa al'ada ce da ta bazu daga tarukan farkawa na Amurka a ƙarni na 19. Ba laifi ba ce, amma babu ayar da ta mai da ita sharaɗi. Yesu ya gaya wa Bitrus a Yohanna 13:10 cewa wanda ya yi wanka ƙafa kawai yake bukatar wankewa. In ka faɗi, ka ambaci zunubin da sunansa a gaban Allah bisa 1 Yohanna 1:9, ka mayar da abin da ka ɗauka in akwai, ka nemi gafarar wanda ka ɓata wa, ka tashi. Masu wa'azi ma suna da nasu kaso a wannan ruɗani: wanda ya faɗaɗa kira har kowa ya ga kansa a ciki, don a ƙirga hannuwa da yawa, shi ke sa yara irinka karɓar Yesu kowace shekara.

Malam, ni malamar Makarantar Lahadi ce. Abokiyata 'yar ECWA ta ce wanda ya sami ceto ya samu ke nan har abada. Wata 'yar Assemblies of God ta ce ƙarya ne, ana rasa shi. Kowace ta kawo ayoyi. Wa ke da gaskiya? Daga wata 'yar'uwa a Jos.

'Yar'uwa, kowace da ayoyinta na gaske, shi ya sa gardamar ta ƙi mutuwa. Ta farko za ta kawo Yohanna 10:27-29, inda Yesu ya ce ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa, da Yohanna 6:39, da Romawa 8:29-39, da hatimin Ruhu a Afisawa 1:13-14, da Filibiyawa 1:6. Ta biyu za ta kawo reshen da ake sarewa a Yohanna 15:6, da Romawa 11:22, da Kolosiyawa 1:23, da Ibraniyawa 6:4-6, da 2 Bitrus 2:20-22. Duk wanda ya koyar da jeri ɗaya ya ɓoye ɗayan bai yi wa ɗalibansa gaskiya ba.

Maganar ta girmi ikilisiyoyinmu nesa ba kusa ba. Agustin, bishof na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya koyar cewa jimrewa har ƙarshe baiwa ce daga Allah, amma a ganinsa ba mai iya tabbatarwa tun yana duniya cewa an ba shi ita. Majalisar Katolika ta Tirent a 1547 ta ce ba wanda zai san tabbas cewa zai jimre sai da wahayi na musamman. Jon Kalbin, malamin Furotesta na ƙarni na 16, da mabiyansa suka ce waɗanda Allah ya zaɓa ba za su fāɗi har abada ba, kuma suna iya sanin haka. A ƙasar Holan, almajiran wani malamin tauhidi, Yakubu Arminiyus, sun gabatar da ƙorafi mai batutuwa biyar a kan koyarwar Kalbin a 1610, shekara guda bayan rasuwarsa. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne a batu na biyar ba su yanke cewa ana rasa ceto ba, cewa suka yi batun yana bukatar ƙarin bincike a Nassi, sai daga baya suka tsaya a kan ana iya rasawa. Babban taron ikilisiya a garin Dort na Holan, daga Nuwamba 1618 zuwa Mayu 1619, ya ƙi ra'ayinsu. A ƙarni na 18 Jon Wesli, wanda ya assasa Metodis, ya zo da nasa: kana iya samun cikakken tabbaci yau, amma kana iya juya baya gobe.

Waɗannan rassa ne suka iso mana ta hannun 'yan mishan. Ikilisiyoyin NKST a Binuwai da CRCN a Taraba suna kan layin Kalbin, Baptis da ECWA ma sun karkata ga cewa Allah yana kiyaye nasa har ƙarshe. Metodis, da Assemblies of God, da Deeper Life suna koyar da cewa mai bi zai iya fāɗuwa daga alheri. Lutaran, irin LCCN a Adamawa, sun ce ana iya yar da bangaskiya, amma suna kafa tabbaci a kan Maganar Allah da baftisma, ba a kan duban zuciya ba.

Mu a wannan fili muna ganin ayoyin kiyayewa sun fi nauyi, domin a kan abin da Allah ya yi suke tsaye, kuma 1 Yohanna 2:19 ta ba da fassarar waɗanda suka fita: da namu ne, da sun zauna tare da mu. To gargaɗin fa, wasa ne? A'a. Duba Ayyukan Manzanni 27. A aya 22 zuwa 24 Bulus ya ce Allah ya yi alkawari ba ran da zai salwanta a jirgin. A aya 31, da matuƙa suka so sulalewa, shi ɗin dai ya ce in waɗannan ba su zauna a jirgi ba, ba za ku tsira ba. Sojoji suka yanke igiyar ƙaramin jirgin, mutum 276 duka suka kai gaci. Alkawarin gaskiya ne, gargaɗin ma gaskiya ne, kuma ta hanyar gargaɗin alkawarin ya cika.

Sai dai ki ja kunnen ƙawayenki biyu. Maganar "ya samu ke nan" in an tsinke ta daga tuba da jimrewa, ba koyarwar Dort ba ce, domin su jimrewar tsarkaka suka koyar, ba kwanciyar masu zunubi ba. Haka kuma malaman ɗaya ɓangaren masu zurfi ba su ce ceto yana zubewa duk lokacin da ka yi fushi ba, maganar wanda ya yar da bangaskiya da gangan suke yi. In an kawo musu mutumin da ya bar Yesu yana zaman ganin dama, ɗaya zai ce ya rasa, ɗaya zai ce da ma bai samu ba ko kuwa zai dawo, amma dukansu abu ɗaya za su gaya masa: ka tuba. Yaran ajinki wannan suke bukatar ji kafin sunayen Turawa.

Rabaran, in muka koya wa matasa cewa ceto ba ya ɓacewa, ba mun ba su lasin yin abin da suka ga dama ba? Daga wani dattijon ikilisiya a Kaltungo.

Baba, an yi wa Bulus wannan tambaya, ya amsa a Romawa 6:1-2, bai kuma janye ko kalma ɗaya daga koyarwar alheri ba. Titus 2:11-12 ta ce alherin da ya kawo ceto shi ne ke koya mana ƙin rashin tsoron Allah. Yaron da ya ji wannan koyarwa ya ce to bari in sha sharafina, ya nuna muku inda zuciyarsa take, kuma gara ku sani da wuri. A ajin baftisma ku haɗa Yohanna 10 da Ibraniyawa 3:12-14 a darasi guda, kada ku raba su mako biyu.

Baba Fasto, tun da na haihu wata huɗu da suka wuce, munanan kalmomi a kan Ruhu Mai Tsarki suke faɗo mini a rai, musamman lokacin addu'a. Na yi azumi, abin sai ƙaruwa yake. Na karanta cewa wannan zunubi ba a gafarta shi. Na hallaka ke nan? Daga wata 'yar'uwa a Gombe.

'Yata, ba ki hallaka ba. Karanta Markus 3:22-30 daga farko. Malaman Attaura ne suka taso daga Urushalima, suka ga Yesu yana fitar da aljanu, suka ce da ikon shugaban aljanu yake yi. Aya 30 ta faɗi dalilin gargaɗin ƙarara: domin suna cewa yana da baƙin aljan. Mutane ne masu ilimi, idonsu biyu, suka ga aikin Allah suka kira shi na Shaiɗan da gangan, ba kuma tare da wata nadama ba. Ke kuwa tunani ne yake faɗo miki ba da sonki ba, kina ƙinsa, kina kuka a kansa. Wanda ya yi wancan zunubi ba ya rubuto wasiƙa irin taki. Bulus da bakinsa ya ce shi mai saɓo ne a da, aka yi masa jinƙai, duba 1 Timoti 1:13.

Ibraniyawa 10:26 ma tana firgita mutane irinki. Aya 29 ta bayyana wanda ake nufi: wanda ya tattake Ɗan Allah, ya mai da jinin alkawari abin banza. Ga wanda ya ƙi hadayar Yesu babu wata hadaya, domin babu ta biyu. Wanda ya dawo gare ta kuwa, Yohanna 6:37 ta ce ba za a kore shi ba.

Yanzu ga abin yi. Daina amsa wa kowane tunani da sabuwar addu'ar neman gafara, domin yawan kokawa da shi ne ke ƙara masa ƙarfi, shi ya sa yake tsananta lokacin addu'a. In ya zo, ki bar shi ya wuce, ki ci gaba daga inda kika tsaya. Ajiye azumi, mai shayarwa ce ke, yunwa da rashin barci suna hura wannan wuta. Nemi wadda za ta riƙe miki jariri ki sami barci na sa'o'i a jere. Gaya wa maigidanki da wata uwa a Zumuntar Mata wadda bakinta ke da nauyi. Irin wannan tunani mai naci sananne ne ga likitoci, yakan taso bayan haihuwa, kuma yana da magani. In ya haɗu da rashin cin abinci, ko yawan kuka, ko rashin barci fiye da mako biyu, je asibiti ki faɗa musu yadda kika faɗa mana. In kuwa tunanin cutar da kanki ko jaririn ya zo, ranar za ki je, kada ki jira Lahadi. Kuma kada kowa ya kai ki inda za a ce za a fitar miki da aljani da duka ko da ihu.

Malam, 'yata ta yi ciki ba aure, an sa ta a horo, an hana ta Jibin Ubangiji. Wata ta ce mini in ta mutu a haka wuta za ta. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Zonkwa.

Mama, ba gaskiya ba ne. Dattawa suna da ikon hana mutum teburin Ubangiji na wani lokaci, amma littafin rai ba a ofishin fasto yake ba. Ko mutumin Korinti da ya ɗauki matar ubansa, Bulus ya ce a fitar da shi domin ruhunsa ya tsira a ranar Ubangiji, haka 1 Korintiyawa 5:5 ta ce. A 2 Korintiyawa 2:6-8 kuma ya umarci ikilisiya ta gafarta wa wanda aka hora, ta ƙarfafa shi, don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. In 'yarki ta tuba ga Allah, an gafarta mata tun ranar, ko da saura wata nawa a horon. Watannin na ikilisiya ne, domin a ga 'ya'yan tuba a kuma tsare shaidar jama'a.

Horo yana lalacewa ne ta hanyoyi da aka sani. A sanar a gaban jama'a kafin a zauna da mai laifi a keɓe, alhali Matiyu 18:15-17 ta sa sanarwa a ƙarshe. A yanka watanni a manta da mutum a bencin baya, ba mai leƙa shi. A hori yarinya domin cikinta ya fito, a bar namijin yana riƙe da makirfo. Ku roƙi dattawa, cikin ladabi, su gaya muku abu uku: me ake jira a gani a wurinta, wa aka ba aikin ziyartarta da karatu da ita, kuma yaushe za a sake zama a kan maganarta. Galatiyawa 6:1 ta ɗora wa ikilisiya aikin maido da wanda ya fāɗi cikin tawali'u, ba alfarma kuke nema ba. Ita kuma kada ta daina zuwa sujada, kada kuma ta gudu wata majami'a don kauce wa horon. Ku tabbata tana zuwa awon ciki.

Baba, an sace ƙanena, aka ɗora masa bindiga aka ce ya yi musun Yesu, ya yi. Ya dawo gida, amma ya ƙi shiga majami'a, ya ce shi Yahuza ne. Me za mu ce masa? Daga wani ɗan'uwa da ya nemi a ɓoye garinsa.

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara masa lafiya. Kada ku ce masa ba komai, domin ya san Matiyu 10:33, kuma ba zai yarda da ku ba. Ku ce masa abin da ya faru babba ne, amma akwai wanda ya riga shi. Bitrus ya yi musu sau uku, har da rantsuwa, ba kuma bindiga a kansa, baranya ce ta fara tambayarsa. Tun kafin abin ya faru Yesu ya ce ya yi masa addu'a kada bangaskiyarsa ta ƙare, in ya juyo kuma ya ƙarfafa 'yan'uwansa, Luka 22:31-32. A Yohanna 21 ya maido shi ya ba shi kiwon tumaki. Yahuza ma ya yi nadama, amma wurin manyan firistoci ya kai ta, bai koma wurin Yesu ba. Inda ƙanenka zai kai tasa nadamar, shi ne abin da ke gabansa yanzu.

Ikilisiya ta taɓa fuskantar wannan da yawa. A shekara ta 250 Sarkin Rum Deshiyus ya umarci kowa ya yi hadaya ga alloli ya karɓi takardar shaida, an ma tono irin takardun nan fiye da 40 a Masar. Masu bi da yawa suka yi hadayar, wasu suka sayi takardar da kuɗi. Da wutar ta lafa, wani firist a Rum mai suna Nobatiyan ya ce kada a sake karɓarsu. Sifiriyan, bishof na Kartaj a Tunisiya ta yau, da majalisar da ta zauna a 251, suka ce a karɓe su bayan tuba, a kuma duba nauyin laifin kowa daban. Ra'ayin Nobatiyan ne ikilisiya ta ƙi.

Ku bi abin a hankali. Kada a tsayar da shi a gaban jama'a ya ba da shaida, kada kuma a ɗauki maganarsa a waya a watsa, domin tsaron ransa da kuma mutuncinsa. Fasto da dattijo guda su same shi a gida, su bar shi ya faɗi abin da zai iya faɗa, ba tare da tone-tone ba. Tambaya ɗaya ce a gabansu: yau, da ba mai tilasta maka, wa kake bi? In ya ce Yesu, su karanta masa Luka 22 da Yohanna 21, su yi addu'ar tuba tare da shi, su gaya masa da baki cewa an gafarta masa, su kuma sa ranar da zai koma cin Jibin Ubangiji, kada a bar ta a buɗe. Ba a sake yi masa baftisma. In taron jama'a yana firgita shi, ya fara da addu'ar gida ko ta safiya inda mutane ba su da yawa. Mafarkai, da zabura in an buga ƙofa, da fushi ba dalili, ciwon abin da ya gani ne, ba alamar Allah ya yashe shi ba, kuma wannan ɓangaren likita ko mai ba da shawara da aka horar za ku kai wa, tare da wani daga cikinku da zai raka shi.